Shayin Ismaël da Allurar Babayo

Litinin, bayan La'asar

Na jawo abin daga masana'anta a Foshan har nan Huangpu, tashar jiragen ruwa ta ƙasar Sinawa, ban kashe kowa ba. Ghali yana kiransa karaban. Ni dai gida na gani a kan tayu huɗu: falo, kicin, banɗaki, da ɗakin kwana a can baya mai ƙofarsa. Wani mai kuɗi a can ƙasarmu ya aiko a saya masa, wai zai riƙa fita daji shan iska da iyalinsa. Wane daji? Ban tambaya ba. Ghali ejan ne, ofishinsa yana Tianxiu, benen da 'yan kasuwarmu suka cika, shi ya karɓi aikin. Ya ba ni a-kori-kurarsa in ja, don cikin mutanenmu ni kaɗai ke da lasin jan irin wannan. Na karanta injiniya a ƙasar nan da harshensu tun Ghali yana rarrafe. Ga inda karatun ya ajiye ni, direban gidan wani.

A babbar hanya duk motar kaya da ta wuce sai wutsiyar ta hau rawa, sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Na tsaya na tarar sun jibge kwalaye a can baya. Na kwaso su ɗaya-ɗaya na dawo da su saitin tayu, sannan ta natsu. Bayana bai natsu ba har yanzu.

Gidan ya fi kwantena tsayi, sai an samu gurbi a jirgin da ke ɗaukar motoci, kuma ba wanda ya san ranar. An ba mu wuri a ƙarshen wani filin ajiye kaya, bayan jerin kwantenoni. Ba lantarki, ba inuwa. Ghali ya ce in riƙa kwana a ciki saboda ɓarayin batir. Na amsa da sauri fiye da yadda ya kamata.

Talata, hantsi

Babayo yana ɗakin baya.

Samamen da aka kai benensu ranar Lahadi ba zan rubuta shi ba. Ya fita ta baya ba takalmi, ya taka wani abu a lungu, ya iso wurina da ledar magani a hannu da jini a ƙafa. Takardunsa sun daɗe da mutuwa. Ɗakina na Sanyuanli ba zai yiwu ba, ƙofar benenmu sai na'urarta ta gane fuskar mutum take buɗewa.

Mutumin Gombe ne, zif da maɓalli yake sayarwa, abokina tun gashinmu yana baƙi. Shi Bafulatani, ni Babarbare, don haka tun ranar da muka haɗu yake kira na bawansa. Yana da ciwon suga, kullum sai ya yi wa kansa allura. Ya ce in bar shi ciwon ƙafar ya warke kawai, zai je ya miƙa kansa a tsaye da rigarsa mai kyau, su mayar da shi gida. Ba ya so a ja shi a titi ana ɗaukar hoto Saude ta gani a waya. Saude matarsa ce. Ya sa na yi rantsuwa ba zan gaya wa kowa yana nan ba, don magana in ta shiga Xiaobei, unguwar mutanenmu, da safe, kafin Azahar ta gama gari.

Talata, bayan Magariba

Ruwan allurar ba ya son zafi, kuma da rana cikin nan tanda ne. Farantin hasken rana da ke kan rufi fitilu da fanka kawai yake iya ɗauka. Firjin da gas yake aiki: 'yar wuta shuɗiya kamar ƙwayar wake tana ci a bayansa, ita ke kawo sanyin. Na taɓa zana irinsa a jarrabawa. Sharaɗinsa ɗaya, sai yana tsaye daidai. Na ajiye kofin ruwa a ƙasa, na yi ta juya ƙafafun jak har ruwan ya daidaita da bakin kofin.

Tukunyar gas biyu ce a akwatin gaba, ɗaya cike, ɗaya ta kusa rabi. In firji kaɗai ne za su kai mu. Murhu sau ɗaya a rana.

Babayo ya leƙa ramin da ake ganin wutar ya ce, "Bawana, wuta ta haifi ƙanƙara? Lallai Barebari kun iya tsafi."

Alhamis, Azahar

Wutar tana ci.

Alhamis, bayan La'asar

Mun yi baƙo. Ismaël, ɗan Maraɗi, mai sayen kayan babur. Irin mutanenmu ne da ba sa yarda a loda musu kwantena sai suna tsaye a kai suna ƙirga kwali da ido. Ghali ne ya faɗa masa akwai gidan Hausa a filin. Na ji sallamarsa daga nesa, Babayo ya ja ƙofa.

"Baba Injiniya, ashe nan ka ɓoye! Bon, ina za a yi salla?"

Na shimfiɗa masa. Da ya idar ya zaro buta daga jaka, da ƙananan kofuna, da ganye, da sukari. Shayinsu na Nijar ba a gaggawa. Na farko sai ya dahu ya yi ɗaci, a ɗaga buta sama a zuba, a mayar, a sake ɗorawa. Na biyu haka. Na uku haka. Ina zaune ina murmushi ina sauraron hucin murhu.

Me zan ce? Mutum ya shigo da sallama, ya yi salla a shimfiɗarka, ka ce masa wuta tana da tsada?

Asabar, da safe

Na je wurin masu gas a bakin titi da tukunyar da ta ƙare. Mai shagon ya duba ta ya ce meyo, babu, ba tasu ba ce. Na ce to ya sayar mini da tasu. Ya ce sai da adireshin gida, kuma shi zai kawo da kansa, ya haɗa, ya duba ɗakin. Na yi masa magana da harshensa tsaf, har ya yaba, ya ce na fi ɗansa iya magana. Sannan ya sake cewa meyo.

Na sayo ƙanƙara a kanti don gwaji. Kafin in iso ta zama ruwa a leda.

Lahadi, bayan Azahar

Yau su huɗu. Ismaël ya zo da Ƙasimu, Bakano mai sayen takalma, bakinsa ba ya rufuwa, da wasu biyu. Sun kawo shinkafa, da cinyar rago daga wurin Musulmin nan masu mahauta. Ƙasimu ya buɗe firji ya cusa naman da ɗuminsa, ya ga kwalaben allura, ya dube ni.

"Injiniya, kai ma?"

Na ce shekaru ne.

"Allah ya sawwaƙe. Shi ya sa ka rame kamar sandar rake da aka tsotse."

Suka dafa, suka ci, suka bar fiye da rabi a tukunya wai in ci da dare. Mutum ɗaya zai ci wannan? Sannan hira, da ƙarfi, kamar a kasuwar Kwari suke. Kuma hirar Babayo. Wai an rufe shagonsa amma maƙwabcinsa ya kwashe kayan ya adana. Wai wasu sun zo suna tambaya, kowa ya ce bai san shi ba. Wai Saude ta kira wani, an ce mata wayarsa ce ta lalace. Bango tsakaninsu da shi bai fi kaurin kwali ba. Ina ta tari don in rufe duk wani motsi.

Da suka tafi na same shi ya juya fuska ga bango. Ya ce, "Ƙasimu har yanzu gishiri yake zubawa kamar na ubansa ne." Ya cinye shinkafar, wadda bai kamata ya ci ba.

Talata, Walaha

Ƙafar ba ta rufe ba. Na wanke da ruwan gishiri, na ɗaure. Bai ji zafi ba, ya ce alama ce mai kyau. Na san ba haka ba ne.

Laraba, bayan La'asar

Shayi. Na farko, na biyu, na uku.

Na kama kaina ina ɗaga tukunyar ina jijjiga ta kamar mai auna kankana. Ismaël ya ce, "Baba, mi kake nema a wurin?" Na ce ina duba tiyo ne.

Na yi tunanin in ce Ghali ya hana a taɓa murhu. Ismaël zai kira Ghali a gabana, Ghali ya ce kai, ku dafa abinku. Na yi tunanin in ce saboda maganina ne. To ni da ke da ɗaki da lantarki a Sanyuanli, me ya hana in kai can? Duk ƙaryar da na ɗauko gajera ce.

Ƙasata ta biya aka koyar da ni yadda ake gina injin da zai ciyar da gari. Na koma na yi aiki a masaƙa har aka kashe injinan aka sayar da su da kilo. Yanzu ga ni ina gadin wuta kamar ƙwayar wake, kuma ko ita ba zan iya karewa daga butar shayi ba.

Juma'a, bayan masallaci

Ban je ba. Maigadin filin ya zo da safe ya ce guguwar teku na tafe, kowa ya janye daga gindin kwantenoni, in kai abin can ɗaya gefen kafin rana ta yi tsaka. Ba a jan wannan da mutum a ciki, ba a kuma jan sa da gas a buɗe. Na biyun na kiyaye. Na rufe tukunya, na ce wa Babayo ya kwanta a ƙasa tsakanin gado da bango ya riƙe ƙafar gadon.

Haɗa ƙugiya ni kaɗai. In shiga in yi baya kaɗan, in fito in duba, ta goce, in koma. Maigadi yana tsaye yana shan taba yana kallo. Sai ribas a tsakanin layi biyu na kwantenoni, inda in ka juya sitiyari dama wutsiya ta tafi hagu, madubi kuwa ba ya nuna maka komai sai farin bango. Wani direban tirela ya yi ta danna mini oda. A wani rami na ji abu ya faɗi a ciki. Ban tsaya ba.

Sabon wurin gangare ne. Jak ya ƙure, ruwan kofi bai daidaita ba, sai da na roƙi katako na cusa a ƙarƙashin tayu. Wutar ta ƙi kamawa. Na danna, na danna, ina jin warin gas yana tafiya a banza. Da ƙyar ta kama.

Abin da ya faɗi Babayo ne. Ya bugi ƙafar a jikin ƙofa. Ya ce, "Bawana, ko jakin ubana ya fi ka iya ribas."

Asabar

Ruwa da iska. Gidan yana girgiza. Ba wanda ya zo. Alhamdu lillahi da guguwa.

Litinin, hantsi

Tukunyar ta yi sauƙi a hannu. Wutar tana ci.

Akwai wari a ɗakin baya. Na ce masa mu je asibiti. Ya ce asibiti fasfo suke fara tambaya kafin su tambayi sunanka. Ya ce mako ɗaya kawai. Ya ce na rantse.

Talata, bayan La'asar

Na yi.

Sun zo su biyar. Ƙasimu da kaji biyu a leda, Ismaël ya riga ya ɗora buta kafin ya cire takalmi. Na tsaya ina kallon wutar murhu, faffaɗa, tana lasar gindin butar. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Na sauke butar, na kashe murhu, na buɗe ƙofa na watsar da shayin a ƙasa.

Na ce nan ba rumfar mai shayi ba ce. Na ce kayan mutane ne, amana ce, kowa ya nemi inda zai dafa abincinsa.

Ba wanda ya yi motsi. Ismaël ya ce a hankali, "Baba Injiniya, lahiya?"

Na ce lafiya lau, ku fita.

Ƙasimu ya yi dariyar da ba dariya ba. "Ikon Allah. Boko dai bai yi ba. Mutum ya tsufa a ƙasar mutane har ya koyi korar baƙo a kan wuta. To ko Sinawan da ka koya a wurinsu suna ba mutum ruwan zafi."

"Ƙasimu, bari," in ji Ismaël. Ya karɓi butarsa daga hannuna da hannu biyu, kamar ni na ba shi kyauta. Ya ce, "A gahwarce mu, Baba." Wannan ya fi zagin ciwo. Sun bar kajin a bakin ƙofa.

Babayo bai kira ni bawansa ba. Ya ce, "Abdulgani, a kaina ka zubar da shayin mutane?" Na ce a kan allurarka. Ya ce, "Da ka bar ta ta lalace." Na ce to ka fito ka faɗa musu da bakinka. Bai fito ba.

Laraba, Azahar

Ba wanda ya zo.

Alhamis, Azahar

Ba wanda ya zo. Ghali ya kira, ya ce me ya haɗa ni da mutane, duk Tianxiu maganata ake. Na ce tsufa. Ya ce jirgi ya samu, Litinin za a shigar, in tabbata na cire tukwanen gas don ba a yarda su hau.

Na kasa zama. Na share falo. Na sake share shi. Na zagaya filin, na dawo na leƙa ramin. Wutar tana ci, amma ta yi ja a baki.

Juma'a, da sassafe

Ta mutu.

Juma'a, bayan La'asar

Na naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tawul na sa a gaban fanka. Na je kanti na dawo da gudu da ƙanƙara a cikin bargo, tsoho da ni, yaran masu lodi suna dariya. Ban san ko tun ranar gangaren maganin ya fara lalacewa ba. Ban san ko maganin ne ma ba. Babayo yana shan ruwa kamar rami. Baƙin da ƙafar ta yi ya wuce idon sawu.

Asabar, Walaha

Da safe ya yi mini magana da Fulatanci, doguwa, yana kira na da sunan wani da ban sani ba. Numfashinsa yana wari kamar 'ya'yan itacen da suka ruɓe. Na ce Babayo, zan karya rantsuwar. Ya dube ni bai gane ni ba, don haka ban samu wanda zan nemi izininsa ba.

Na kwance a-kori-kura daga ƙugiya, na goya shi zuwa kujera. Maigadi ya gani. Ya ɗaga mana shingen.

Na sa masa rigarsa mai kyau kafin mu fita. Wannan kaɗai na iya cika masa.

A asibiti sun karɓe shi da gudu, ba su tsaya tambaya ba sai da suka sa masa ruwa. Daga baya wata ta zo da takarda ta ce fasfo. Na miƙa tsohon. Ta duba, ta sake dubawa, ta je ta yi waya. Ni na yi tafinta tsakanin likita da mutumin da ba ya ji, sannan tsakanin ɗan sanda da ni kaina. Harshen nan da na sha wuya a kansa, yau ya yi amfani.

Asabar, bayan Magariba

Na dawo filin na tarar da Ismaël da Ƙasimu zaune a kan katako a bakin ƙofa. Tsakaninsu tukunyar gas, cikakkiya. Wata 'yar Mali mai gidan abinci ta ara musu tata, suka sa ta a buhu, direbobi uku suka ƙi ɗaukarsu kafin na huɗu ya yarda.

Ismaël ya ce, "Baba, ina shi?"

Na ce wa?

Ƙasimu ya ce, "Haba Injiniya. Duk Xiaobei wa Babayo yake da shi in ba kai ba? Tun ranar da Ghali ya ce ka yarda ka kwana a fili ba gardama muka gane. Kai da ko tabarmar masallaci sai ka yi ƙorafi a kanta."

Na zauna a ƙasa.

Ismaël ya ce sun ga ban faɗa ba, shi ma bai fito ba, sai suka ce kada su kunyata mu. Suka shirya su riƙa zuwa, su dafa da yawa su bari, su yi hira da ƙarfi don ya ji labarin gida da na shagonsa. Shayin ma don a daɗe ne, ya ji muryar mutane. "Mun ɗauka firjin da rana yake aiki, Baba, kamar namu na gida. Mun ga faranti bisa. Sai da ka kore mu na kwana ina tunani, na sa Ghali ya tambayi masu masana'anta." Ya share fuska da hularsa. "Da ka ce gas, wallahi ko a ka sai mun ɗauko."

Na ce da kun ce kun sani.

Ƙasimu ya ce, "Ta yaya? Mu dubi dattijo mu ce mun san abin da kake ɓoyewa?"

Tukunyar tana tsaye a tsakaninmu. Da aka jima Ƙasimu ya ce ya janye maganar boko. Na ce ya bar ta, gaskiya ce.

Litinin, bayan Azahar

Na cire tukwane, na wanke ɗakin baya da sabulu har sau uku, na ja gidan zuwa bakin tashar jirgi. Wani yaro da farar hula ya zagaya shi da takarda, ya buɗe firji ya rufe, ya sa hannu. Motar ta yi mini sauƙi a hanyar dawowa har na riƙa duba madubi ina neman abin da na yar.

Laraba, bayan La'asar

Babayo ya farka. Sun yanke daga ƙasan gwiwa. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya da ba wannan maganar ake ba. Ya kuma ce da an zo da wuri da yatsu kawai za a cire. Na fassara masa ta farkon.

Akwai ɗan sanda a kujera a bakin ƙofa, saurayi, yana wasa da waya. In ya warke za su wuce da shi wurin tsarewa, daga can sai jirgin komawa gida. An bar ni na shiga na ɗan lokaci. Su Ismaël suna ƙasa, ba a bar su ba.

Na gaya masa sun sani tun farko. Ya rufe ido, kafaɗunsa suka hau rawa, na ɗauka kuka ne. Dariya ce.

"Wato na yi mako biyu ina danne tari saboda mutanen da suka zo gaishe ni."

Na ce eh.

"Kai kuma kana ta naka tarin na ƙarya. Bawana, ko tari ba ka iya ba."

Ya dubi bargon, inda ya kwanta shafal a gefe ɗaya. Sannan ya ce in kira Saude, don ya gaji da a ce mata waya ce ta lalace.

Na ce me zan faɗa mata?

"Ka ce ina tafe. Kar ka faɗa mata saura nawa a jikina. Ta aure ni da ƙafa biyu, ni ya kamata in yi mata bayanin ɗayar."

Alhamis, da safe

Na kira ta. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam Abdulgani, yana numfashi?" Na ce yana yi. Ta ce, "To a turo mini shi haka."